Rahoton kuskure a aikin sa barci: me ya sa ma'aikata ke yin shiru?

Dakta Aminu:

Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan aiki. An ɗora wa sashenmu alhakin sake fasalin fom ɗin da muke kai rahoton kurakurai da haɗurran da ke aukuwa wajen sa majinyaci barci domin tiyata, kuma da na duba abin da aka tara a baya sai na ga matsalar ta wuce ta fom. Kusan duk rahotannin da suka shigo na abubuwan da ba sa ɓoyuwa ne, kamar haƙori ya karye wajen saka bututun numfashi, ko zuciyar majinyaci ta tsaya ana cikin aiki, ko na'ura ta lalace a gaban kowa. Amma inda aka auna arziki, kamar a ɗauki sirinjin da ba shi ba a ankara kafin a tura, ko a tarar oksijin ya kusa ƙarewa ana tsakiyar tiyata, waɗannan sai dai a ji su a hira bayan an tashi aiki. A ganina su ne suka fi amfani, domin suna nuna inda tsarinmu ke da rauni tun kafin wani ya rasa ransa.

Wannan tunani ya daɗe a sana'armu. A wani bincike da aka buga a shekarar 1978, wani injiniya mai suna Jeffrey Cooper da abokan aikinsa a babban asibitin Massachusetts da ke Amurka suka zauna da ma'aikatan sa barci, suka nemi kowa ya ba da labarin kuskuren da ya taɓa yi ko ya gani. Sun tattara aukuwa 359 waɗanda da an iya kauce musu, suka tarar kashi 82 cikin 100 sun shafi kuskuren ɗan Adam, kashi 14 kuma lalacewar kayan aiki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kurakuran sun yi ta maimaituwa a hannun mutane daban-daban: cirewar bututu daga na'urar numfashi, musanya sirinji, da murɗa makunnin iskar da ba ita ake nufi ba. Idan ƙwararru da yawa suna faɗawa rami ɗaya, ai ramin ya kamata a cike.

Tambayata ita ce, me ke hana mu kai rahoto, kuma wane irin tsari ne zai sa ma'aikaci ya rubuta abin da babu wanda ya gani sai shi?

Sista Hauwa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Na daɗe ina aikin sa barci a matsayin nas, kuma zan faɗa maka abin da ƙananan ma'aikata ba za su faɗa a gabanka ba. Abu na farko tsoro ne. A wurare da yawa, takardar da ka rubuta da hannunka domin a gyara aiki ita ce ke dawowa a matsayin takardar tuhuma, a saka ta cikin fayil ɗinka, ta jira ranar da za a duba ƙarin girma. Wanda ya ga an yi wa abokin aikinsa haka sau ɗaya ba zai sake ɗaukar biro ba.

Kuma tsoron yana da tushe. Duk wanda ke wannan aiki ya ji labarin RaDonda Vaught, nas ɗin nan ta jihar Tennessee a Amurka, wadda a watan Disamba na 2017 ta ba wata dattijuwa maganin saki tsoka na bekuroniyom a maimakon midazolam mai kwantar da hankali, matar ta daina numfashi har ta rasu. Ita da kanta ta sanar da abin da ya faru da zarar ta gane. Duk da haka aka gurfanar da ita, kotu ta same ta da laifi a watan Maris na 2022, aka yanke mata ɗaurin talala na shekara uku. Ba ina cewa ba ta yi kuskure ba, ta yi babba. Amma darasin da nas-nas da yawa suka ɗauka daga shari'ar shi ne bakin mutum na iya zama shaidar da za a kama shi da ita.

Abu na biyu, wanda a wurina ya fi tsoro kashe gwiwa, shi ne rashin amsa. Ka gama aikin dare a gajiye, ka zauna ka cike shafi uku, ka jefa a akwati, daga nan ba ka ƙara jin komai ba. Wata shida su wuce, kwalaben nan biyu masu kama da juna suna nan a aljihun tebur ɗaya kamar yadda ka same su. Mutum mai hankali zai yanke cewa rubutun ɓata lokaci ne, kuma ba za a ce bai yi daidai ba.

Dakta Bashir:

Na karanta abin da Dakta Aminu da Sista Hauwa suka rubuta, kuma ina da ja a wuri biyu. Na farko, ina jin tsoron wannan magana ta cewa kada a ɗora wa kowa laifi. Akwai ma'aikacin da zai bar majinyaci a sume ya fita amsa waya, akwai wanda zai kashe ƙarar na'ura saboda ta dame shi, akwai wanda an gaya masa sau uku ya riƙa rubuta suna a jikin sirinji bai yi ba. Idan muka ce duk wannan laifin tsari ne, mun zalunci majinyaci, mun kuma zalunci ma'aikacin da ke bin ƙa'ida. A shari'ar da Sista ta kawo ma, maganin da aka ɗauko gari ne da sai an narkar da shi, alhali wanda ake nema ruwa ne, kuma akwai gargaɗi a kan murfinsa. Dole a iya faɗin wannan ba tare da an ce mutum ba shi da tausayi ba.

Na biyu, kada mu ɗauka rahoto zai nuna mana girman matsalarmu. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2007 ya kwatanta rahotannin ma'aikata da abin da ke cikin fayil-fayil ɗin majinyata a wani babban asibiti, aka tarar cikin abubuwan da suka cutar da majinyaci kashi 5 cikin 100 kawai aka kai rahotonsu. A Amurka ofishin babban mai binciken ma'aikatar lafiya ya bayyana a 2012 cewa ma'aikatan asibiti ba su kai rahoton kashi 86 cikin 100 na irin waɗannan abubuwa ba. A fanninmu kuwa, wani nazari a Niyu Zilan a 2001 da ya dogara ga abin da masu sa barci suka faɗa da kansu ya samu kuskuren magani sau 1 a cikin kowane aiki 133, amma da aka sa masu lura suka tsaya a ɗakin tiyata suna kallo, a wani nazarin da aka buga a 2016, sai aka ga matsala a kusan 1 cikin kowane magani 20 da aka bayar. Ma'aunin nasu ba ɗaya ba ne, na yarda, amma tazarar ta isa ta sa mutum ya yi hattara. Shin ba zai fi ba mu sa ƙarfinmu wajen duba fayil da sa ido kai tsaye?

Dakta Aminu:

Ranka ya daɗe, alƙaluman da ka kawo daidai suke, kuma sun tabbatar da abu ɗaya da nake so hukumomin asibiti su fahimta, wato yawan rahoto ba ma'aunin yawan haɗari ba ne. Sashen da ya kawo rahoto 200 a shekara yana iya fin wanda ya kawo 5 aminci nesa ba kusa ba, domin na farkon mutanensa suna magana. Ranar da shugaban asibiti ya fara yaba wa sashe saboda rahotanninsa sun ragu, ranar aka kashe tsarin.

Inda na saɓa da kai shi ne, duba fayil ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Sirinjin da aka ɗauka aka mayar ba ya cikin fayil, kuma dalilin da ya sa aka ɗauke shi yana cikin kan mutum ɗaya ne kawai. Rahoto labari yake kawowa, kuma labarin ne ke nuna yadda abin ya faru. A Ostareliya an fara tattara irin waɗannan labarai daga masu sa barci a 1988, aka buga nazarin rahotanni 2,000 na farko a 1993. Ba su iya cewa ga yawan haɗari a ƙasar ba, amma sun iya nuna cewa cikin matsalolin da na'ura ce ta fara gano su, fiye da rabi na'urori biyu ne suka gano, wato mai auna oksijin a jini da mai auna iskar da majinyaci ke fitarwa. Wannan hujja ce da za ka iya ajiyewa a gaban mai riƙe da kuɗin asibiti.

Game da laifi kuwa, ban ce a yafe wa kowa komai ba. Wanda ya yi tuntuɓe yana ƙoƙarin bin ƙa'ida daban, wanda ya saba yanke hanya saboda kowa a sashen haka yake yi daban, wanda kuma ya san haɗarin ya yi ganganci daban. Na farko tsarin za a gyara masa, na biyu a gyara al'adar sashen gaba ɗaya, na uku a hukunta shi. Tambayar da ke taimakawa wajen rarrabewa ita ce, da a ce an sa wani ma'aikaci mai irin horonsa a wannan wuri, da wannan gajiya da waɗannan kaya, shin zai iya yin abin da wannan ya yi? Idan amsar e ce, korar mutum ɗaya ba ta kare majinyaci na gaba ba.

Malama Rabi:

Ni daga sashen magunguna nake, kuma ina so in ba da misalin da ke nuna dalilin da ya sa bai kamata rahoto ya tsaya a ɗakin tiyata ba. Maganin tsayar da zubar jini na tiranekzamik ya ceci mata da yawa bayan haihuwa, saboda haka aka fara ajiye shi kusa da hannu a ɗakunan tiyata. Sai ya zama 'yar kwalbarsa, a wajen wasu kamfanoni, ta yi kama da ta bufibakein da ake yin allurar kashin baya da shi, girma ɗaya, ruwa fari iri ɗaya, rubutu ƙanana. Idan aka tura shi a kashin baya, majinyaciya takan kamu da ciwo mai tsanani a baya da ƙafafu, jijjiga ta biyo baya, bugun zuciya ya rikice. Wani nazari na 2019 ya tattara aukuwa 21 da aka buga labarinsu, 10 daga cikin mutanen sun rasu. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi nata a 2022.

Kowane asibiti da abin ya faru a cikinsa yana iya ɗauka cewa nasa ma'aikacin ne ya yi sakaci, a hukunta shi a rufe magana. Sai da aka jera labaran ƙasashe daban-daban kusa da juna aka ga cewa abu ɗaya ne ke maimaituwa. Kuma gyaran da ke aiki ba ya hannun wanda ya yi allurar. A raba wurin ajiya, kada tiranekzamik ya kwana a teburin da ake shirya allurar baya, mutum biyu su karanta sunan da ƙarfi kafin a zuƙa, mu kuma masu sayo magani mu sanar da ku duk lokacin da muka canza kamfani, domin sau da yawa kamannin kwalba kan sauya ba tare da kun sani ba. Idan ba ku rubuto mana cewa kun kusa ruɗewa ba, ba mu da hanyar sanin cewa abin da muka sayo tarko ne.

Ina kuma roƙon a duba batun launukan takardun da ake mannawa a jikin sirinji. Akwai ƙa'idar duniya a kai: ja mai haske na magungunan saki tsoka, shuɗi na masu kashe zafi dangin mofin, rawaya na masu sa barci, ruwan lemo na masu kwantar da hankali, ruwan toka na masu kashe wuri ɗaya. Launi ba ya maye gurbin karanta suna, amma yana rage yiwuwar a tura wa mutumin da ke farke maganin da zai hana shi numfashi.

Malam Isiyaku:

Ina gaida manyanmu. Aikina shi ne duba na'urorin sa barci da shirya kaya kafin a fara tiyata, kuma a fom ɗin da na sani babu ma gurbin da irina zai sa hannu, sai likita ko nas. Alhali ni ne nake fara ganin robar da ta tsage tana yoyon iska, da batirin da ba ya riƙe caji, da hodar tsotse gurɓatacciyar iska da ta canza launi ba a sauya ta ba. Idan na gyara kafin majinyaci ya shigo, a wurin kowa babu abin da ya faru. Amma idan robar nan tana tsagewa duk bayan mako biyu, wani ya kamata ya sani, domin wata rana za ta tsage a daren da ba a samu damar dubawa ba. Ina roƙon duk tsarin da za a yi ya buɗe wa kowa, har da mai tura gado da mai share ɗaki, kuma fom ɗin ya zama gajere yadda za a cike shi cikin minti biyu ko uku.

Dakta Zainab:

Maganar Malam Isiyaku ta taɓo abin da ke raina a matsayina na mai neman ƙwarewa. Yawancin abin da muke gani a hannun na gaba da mu yake faruwa, kuma rubuta rahoto a kan aikin wanda zai sa hannu a takardar jarrabawarka ba ƙaramin abu ba ne. Labarin Elaine Bromiley, wadda ta rasu a Ingila a 2005, shi ne misalin da ba na mantawa. Mace ce mai shekara 37, lafiyayya, ta je ƙaramar tiyatar hanci. Bayan an sa ta barci aka kasa saka mata bututu, aka kuma kasa ba ta iska yadda ya kamata. Ƙwararrun likitoci uku suka duƙufa suna ta sake gwada saka bututun, lokaci yana tafiya oksijin ɗinta yana ƙasa, alhali nas-nas sun riga sun kawo kayan huda maƙogwaro, sun kuma nemi gado a sashen kulawa ta musamman, amma ba a saurare su ba. Ta rasu bayan kwana 13 sakamakon lalacewar ƙwaƙwalwa. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne, shi ya nace sai an yi bincike mai zaman kansa, ya kuma bari aka yaɗa sakamakon domin a koya. Yau ana koyar da labarin a ƙasashe da yawa, kuma da an rufe shi a ofis da babu wanda ya amfana.

Saboda haka ni ina goyon bayan a bar mutum ya kai rahoto ba tare da suna ba sam. Idan ba haka ba, ƙananan ma'aikata ba za su rubuta komai a kan manya ba.

Dakta Bashir:

'Yata Zainab, na fahimci damuwarki, amma rahoton da ba shi da mai shi yana da illa biyu. Ba za a iya komawa a tambayi marubucin ƙarin bayani ba, kuma yawancin rahotanni layi biyu ne da ba sa wadatarwa. Sannan ba za a iya gaya masa abin da aka yi a kai ba, wanda shi ne ƙorafin Sista Hauwa tun farko. Ban da haka, a sashen da ma'aikatansa ba su wuce goma ba, cire suna yaudarar kai ce, domin da an ga rana da irin tiyatar kowa ya san wanda ke bakin aiki.

Masu harkar jiragen sama, waɗanda muke yawan koyi da su, ba haka suka yi ba. Tsarin da Amurka ta kafa a 1976 an damƙa shi ne ga hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, ba ga hukumar da ke ba matuƙa lasisi tana kuma hukunta su ba. Matuƙi yana sa sunansa, masu nazari su kira shi idan suna buƙatar bayani, sannan su cire sunan kafin labarin ya shiga rumbu, kuma duk wata suna fitar da 'yar mujalla mai ɗauke da darussan. Kariyar da ake ba shi ba ta haɗa da aikata laifi da gangan ba. Idan irin wannan ake nufi, wato sirri a hannun wanda ba shi da ikon hukunci, to na janye rabin jayayyata. Ƙasar Denmak ta bi wannan hanya a fannin lafiya da dokar da ta fara aiki a 2004, wadda ta wajabta wa ma'aikata kai rahoto, ta kuma hana a hukunta su bisa abin da suka rubuta a ciki. Bincike kan ganganci yana nan, amma ta wata ƙofa yake bi, da nasa shaidun.

Sista Hauwa:

Ranka ya daɗe, wannan ya yi, amma da sharaɗin kada mai karɓar rahoton ya zama shugaban sashe. Ko da shi mutumin kirki ne, ba zai iya mance abin da ya karanta ba ranar da zai rubuta shaidar aikin ma'aikaci. A samu mutum biyu da ma'aikata suka yarda da su, likita ɗaya da nas ɗaya, kuma a bar ƙofar rashin suna a buɗe ga wanda har yanzu bai natsu ba, kamar yadda Dakta Zainab ta nema. Rahoto maras suna ya fi babu.

Akwai kuma wanda ba mu ambata ba, shi ne majinyacin kansa. Rubuta wa kwamiti ba ya sauke nauyin gaya wa mutum abin da ya same shi. Ingila ta mayar da wannan doka a 2014, cewa idan an cutar da majinyaci dole a sanar da shi, a ba shi haƙuri, a bayyana masa abin da aka gano. Ko babu doka, amana ta wajabta. Wani lokaci ma rayuwarsa ta gaba ta dogara da hakan, domin wanda aka sha wahalar saka masa bututu, ko wanda jikinsa ya ƙi wani magani har jininsa ya faɗi, dole a ba shi takarda a hannu da zai nuna wa duk wanda zai sake sa shi barci.

Sannan majinyaci shi ma mai kawo rahoto ne, idan an tambaye shi. Babban binciken da aka yi a Birtaniya da Ailan, wanda aka fitar a 2014, kan mutanen da ke farkawa ana tsakiyar tiyata, ya samu kimanin mutum 1 cikin 19,000 da suka kawo ƙorafi da kansu. Amma nazarce-nazarcen da aka bi majinyata aka yi musu tambaya kai tsaye sun samu 1 zuwa 2 cikin 1,000. Mutum ya ji ana yanka shi, ya kasa motsi saboda maganin saki tsoka, sannan ya koma gida bai gaya wa kowa ba don yana ganin ba za a yarda da shi ba. Ziyarar minti biyar washegari tana iya fito da abin da fom ba zai taɓa kamawa ba.

Dakta Zainab:

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan ma'aikacin da abin ya faru a hannunsa. Na ga abokiyar aiki da majinyaci ya rasu a hannunta, a wani asibiti da ba zan ambata ba, aka ce ta wanke hannu ta shiga tiyata ta gaba, kuma magana ta farko da hukuma ta yi mata ita ce ta rubuto bayani kafin a tashi aiki. Ba ta ƙara zama daidai ba, daga baya ta bar fannin. Wanda hannunsa ke rawa bai kamata ya sa wani barci a wannan rana ba, domin kare majinyaci na gaba da kuma shi kansa. Ina ganin ya kamata tsarin ya tanadi wanda zai karɓe shi nan take, da babba guda da zai zauna da shi, sannan a rubuta abin da ya faru tun yana sabo a ƙwaƙwalwa, amma a matsayin labari, ba a matsayin kare kai ba.

Dakta Bashir:

Wannan na yarda da shi ba tare da sharaɗi ba. Abin da ya rage mini shi ne gargaɗi a kan irin gyaran da kwamitoci ke so. Mafi sauƙi shi ne a rubuta cewa an ja kunnen ma'aikata su ƙara kula, a manna sanarwa a bango, a ce an rufe batun. Wannan shi ne gyara mafi rauni, domin wanda ya yi kuskuren ma yana kula a lokacin da ya yi shi. Gyaran da ya ceci rayuka a tarihin aikinmu shi ne wanda ya sa kuskuren ya gagara yiwuwa. Tun shekarun 1950 aka yi wa kan silinda ramuka da ƙusoshi na musamman yadda ta wata iska ba za ta ɗauru a mazaunin oksijin ba. Na'urorin zamani ba sa yarda a ba da iskar sa barci ba tare da isasshen oksijin ba. Yanzu kuma an fito da mahaɗin sirinji na allurar baya wanda ba ya shiga na jijiya.

Haka nan binciken hanyar numfashi na Birtaniya na 2011, wanda ya nazarci aukuwa 184 masu muni, ya nuna cewa rashin amfani da na'urar auna iskar da ake fitarwa yana da hannu a fiye da kashi 70 cikin 100 na mace-macen da suka shafi hanyar numfashi a sashen kulawa ta musamman. Amsar wannan ita ce a sayi na'urar, a koya wa mutane cewa idan ba a ga alamar iskar a allo ba to a ɗauka bututu yana hanyar abinci har sai an tabbatar da akasin haka. Na san ba kowane asibiti ke da ƙarfin saye ba, kuma a 2010 an ƙiyasta cewa ɗakunan tiyata kusan 77,700 a duniya ba su da ko na'urar auna oksijin. To a irin wannan wuri rahoto ya rubuta rashin kayan ƙarara a matsayin sanadi, duk lokacin da ya zama sanadi, har takardun su taru su yi nauyin da hukuma ba za ta iya kawar da kai ba.

Dakta Aminu:

Na gode, ranka ya daɗe. Zan cire tambayar da ke saman tsohon fom ɗin, wadda ke neman sunan wanda ya yi kuskure, in bar guda huɗu: me ya faru, me ya taimaka ya faru, me ya hana abin ya yi muni, me kake ganin za a canza. Zan kuma nemi a rubuta a ƙa'ida cewa duk wanda ya sa sunansa zai ji amsa cikin mako biyu, ko da amsar ita ce an duba ba a samu kuɗin gyara ba tukuna. Malama Rabi, ina roƙon ki zauna a taron wata-wata da za a riƙa karanta labaran bayan an cire sunaye, kai ma Malam Isiyaku haka.

Malama Rabi:

Zan zo, in sha Allah. Kafin taron farko, ina roƙon Malam Isiyaku ya ɗauko mini kwalba ɗaya-ɗaya ta kowane magani da ke cikin teburin sa barci da na allurar baya, mu jera su a ƙarƙashin hasken da kuke aiki da shi da dare, ba hasken ofishina ba. Duk biyun da muka ga za su iya ruɗa mai gajiya, zan raba musu wuri a ranar, in kuma rubuta wa masu sayo kaya su nemo ɗayan daga wani kamfani.